Jifa Goma a Kan Gurbi Ɗaya

Wanda bai taɓa buga ƙwallon hannu a kan siminti ba yana ɗauka wasa ne. Mu da muka taso a cikinsa a Sakkwato mun san dambe ne aka ƙara masa ƙwallo da raga. Kafin in gama sakandare an fasa mini leɓe sau uku, farcen babban yatsana ya fita ya sake tsirowa a karkace, gwiwoyina kuwa har yau ba na son in kalle su. Ni ma ban bar kowa lafiya ba. Akwai wata yarinya daga wata makarantar kwana da ta damƙi ƙaramin hijabina ina cikin tsalle, na sauko mata da gwiwar hannu a karan hanci. Jini ya wanke mata gaban riga, alƙalin wasa ya ɗaga mini jan kati, na fice ina huci ban ko waiwaya ba. Ba alfahari nake yi ba, amma ban zauna rubutun nan don in gyara kaina ba. A lokacin daɗi na ji.

Ni ce mai jifa a ƙungiyar makarantarmu. Golarmu kuma ƙawata ce tun ajin farko, 'yar unguwar Gidan Igwai, gajeriya mai faɗin kafaɗa, mahaifiyarta tana tuyar masa a bakin titi. Ban taɓa ganin mutum mai son a jefe shi irinta ba. Ƙwallo zai same ta a ciki, a cinya, a ƙirji, sai ta miƙe tana dariya tana tafa hannu, ta ce a ƙaro. Shekara shida muna fita fili tare, mu matse a kujerar baya ta keken nan mai ƙafa uku da muke kira agwagwa da buje, ta sauka kafin ni, ni in ƙarasa Unguwar Rogo. Ita kaɗai ce ke iya tsokanata ina cikin fushi ta kwana lafiya.

Mahaifina malami ne, yana karantarwa a zauren gidanmu tun bayan da ya bar aikin gwamnati. Mutane suna zaton shi ne zai hana ni wasa, alhali shi ya fara saya mini takalmi. Abu ɗaya ya kafe a kansa, shi ne karatu. Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, makina ya yi kyau, sai ya kira ni zaure bayan la'asar ya ce in zauna.

"Ni ban hana miki wasanki ba," ya ce. "Amma makarantad da za ki tahi, karatu za ki yi. Ki nemo min wadda in anka karya miki ƙahwa gobe, kina da abin riƙo ga hannunki."

Makarantu uku ne a gabana, na yi ta juya su har kaina ya yi ciwo. Ta farko jami'ar garinmu, can bayan Kwalkwalawa. Karatu kam ba a magana, kuma harhaɗa magunguna da nake so akwai shi. Sai dai sau biyu ina hawa kabu-kabu, wato babur ɗin haya, da yamma in leƙa filinsu, maza kawai na tarar. Ta biyu wata kwaleji ce a wata jiha, ƙungiyar matansu ba wanda ke son haɗuwa da ita, amma rabin zangon karatu a mota suke yin sa. Wata da ta gabace mu a makaranta ta je can, ta dawo da lambobin yabo cike da jaka da darussan da take ta maimaitawa. Baba ko sunan wannan bai yarda a ambata masa sau biyu ba. Ta ukun ce ta haɗa duka: wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda, karatunta sananne, ƙungiyarta ta mata kuma tana zuwa gasar jami'o'i ta dawo da kofi. Matsalarta yawan masu nema. Makina ya kai a duba ni, bai kai a ɗauke ni ba sai wani ya riƙa sunana ya shiga da shi ofis.

Golarmu ma can take so, aikin jinya take nema, kuma makinta kamar nawa ne, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Kocinmu ya gaya mana cewa mai horar da ƙungiyar wannan jami'a zai zo ya duba 'yan wasa, kuma ana ba shi dama ya kai sunaye. Mu biyu muka kwana biyu muna lissafin ɗakin da za mu zauna tare, da kuma wadda za ta riƙa girki a cikinmu. Na ce ita, don ni ko shayi na dafa sai an yi mini addu'a.

Kafin in kai ga ranar dole in yi bayanin ƙaro. A manyan wasanni ana shafa wani danƙo a yatsu don ƙwallo ya zauna a hannu, mu kuwa a talabijin kawai muke ganinsa. Zafin garinmu kuma ba ya barin tafin hannu ya bushe. Ni ce na gano mafita a zauren Baba, inda yake ajiye ƙaron da yake haɗa tawada da shi. Nakan ɗebi 'yan dunƙule, in jiƙa da ruwan zafi kaɗan, in zuba sukari, in dama har ya yi kauri, in ɗura a ƙaramar kwalba. Duk 'yan ƙungiya suka koya. Kocinmu bai hana ba, amma ya kafa doka biyu da ba ya wasa da su. Filinmu simintinsa ya farfashe a gefen raga, akwai yashi da ƙananan tsakuwa, ƙwallo mai ƙaro kuwa duk abin da ya taɓa sai ya kwasa. Don haka dokar farko, kafin a yi jifan fenariti sai an goge ƙwallo da jiƙaƙƙen tsumma. Ta biyu, ba a nufar fuskar gola. Ya taɓa korar wata daga ƙungiya na wata guda a kan wannan.

Baƙon kocin ya zo ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar bazara, dogo ne mai furfura a gemu, Hausarsa ta kasuwa ce yana cike ta da Turanci. Aka raba mu gida biyu muka buga minti arba'in a gabansa. Wasan ranar ba shi da kyan gani. Kowa na son a gan ta, aka riƙa dukan haƙarƙari da jan riga da taka ƙafa, wata ta karce ni a wuya har fata ta tashi, ni ma na tura ta ta bugi ƙarfen raga da kafaɗa. Na ci ƙwallo da yawa. Golarmu tana ɗaya ɓangaren, ta hana ni wasu da ni kaina na ɗauka sun riga sun shiga.

Da aka tashi, ya kira mu biyu gefe tare da kocinmu. Ya ce dukanmu yana so, amma suna ɗaya ya rage masa a bana. Ya ce shi ba ya iya raba mu da ido, don haka in yi mata jifa goma daga layin fenariti. In ta tare biyar, ita zai ɗauka. In ba ta kai biyar ba, ni ce. Kocinmu ya ɓata rai, ya ce wannan ba gwaji ba ne, haɗa faɗa ne, yaran nan tare suka tashi. Baƙon ya ɗaga kafaɗa ya ce motarsa da azahar za ta tashi. Na kalle ta, ta kalle ni, ba wadda ta ce a'a.

Tana wucewa za ta shiga raga ta bangaje ni da kafaɗa, ta ce, "Ke, ki jeho da gaske. Kak ki ji tausaina, don ni ba ni jin naki."

Abin da ban lissafa ba shi ne shekara shida tana tare jifana. Ta san kowace dabara da nake da ita, wasu ma tare muka ƙirƙiro su. Na farko ya shiga ta ƙasa. Na biyu ta doke shi da hannu. Na uku ta tare da cinya. Na huɗu ya shiga da kyar, ya goga yatsunta. Na biyar na yi kamar zan jefa sama na saki ƙasa, na tarar ƙafarta tana can tana jirana. Na shida na zuba duk ƙarfina, ta cafke shi a ƙirji da wani irin ƙara, ya suɓuce ya gangara gefe. Huɗu ke nan ta tare a cikin shida. Saura ɗaya ta gama da ni.

Sai ta yi abin da ta saba, ta tafa hannu tana dariya tana ɗan tsalle a kan layi. Ba da mugunta ta yi ba, haka take yi wa kowa, ni ma sau dubu na yi dariyar tare da ita. Amma ran nan dariyar ta shige ni kamar an zuba mini barkono a ciwo. 'Yan ƙungiya suna ihu suna kiran ta. Na ga ɗakin da muka tsara, da filin jami'ar da ban taɓa gani ba, duk suna tafiya da ita su bar ni ina hawa kabu-kabu zuwa Kwalkwalawa.

Ƙwallon ya tsaya ne a wurin da simintin ya fashe. Da kaina na je na ɗauko. Ƙaron da na shafa ranar ninki biyu ne saboda gumi, ina ɗaga ƙwallon na ji yashi da tsakuwa sun manne a jikinsa suna sukar tafin hannuna. Tsumman yana nan rataye a bokiti, taku uku daga inda nake. Kocinmu yana can yana jayayya da baƙon, bai duba ba. Ban goge ba, don ƙwallo mai yashi ya fi zama a hannu.

Akwai wata muguwar dabara da duk mai jifa ta sani ko da ba a koya mata ba. Kina wuce wa gola da ƙwallo ta gefen kunne da ƙarfi, daga nan jikinta zai riƙa ƙiftawa, sauran jifan duk naki ne. Shekara da shekaru abin da nake gaya wa mutane ke nan, cewa gefen kunne na nufa hannuna ya suɓuce. Ƙarya ce. Tsakiyar fuskarta na kalla, kuma can na jefa, da duk ƙarfin da Allah Ya ba kafaɗata.

Ƙarar ba irin ta ƙwallo a jikin mutum ba ce, ta fi kauri. Kanta ya koma baya, ƙafafunta suka bar ƙasa, ta faɗi rigingine a cikin raga. Na ɗan lokaci ba ta yi motsi ba. Sai ta kai hannu biyu fuska ta kurma wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba, tana cewa, "Idona! Wayyo Inna, idona!" Jini yana bi ta tsakanin yatsunta yana ɗiga a siminti. Ƙwallon kuwa bai shiga ba. Daga fuskarta ya dawo, ya gangaro a hankali har gabana. A ƙa'idar da baƙon ya kafa da bakinsa, ta tare biyar ke nan.

Ban ankara ba na ji an shaƙe ni ta baya. Wata ce daga cikin masu tsaron bayanmu, ƙatuwa, ta kayar da ni ta hau ruwan cikina tana kai mini naushi a baki tana cewa ta ga komai. Na cije ta a hannu har na ji gishirin jini. Wasu suka shiga rabo, wasu suka shiga duka, aka yaga mini riga, wani takalmi ya same ni a haƙarƙari. Kocinmu ne ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya jefar gefe, ya ɗauki ƙwallon ya shafa, ya dubi yashin da ya fito a tafinsa, ya dube ni. Ya sungumi golarmu ya yi bakin titi da ita.

Na bi su asibiti, ban san abin da ya kai ni ba. A bakin ɗakin da aka shigar da ita na haɗu da yayarta, ta taso daga wurin tuya, zaninta duk mai. Ba ta tambayi komai ba, ta ɗauke ni da mari. Na tsaya. Ta ƙara na biyu, na tsaya, na ce a raina hakkinta ne. Da ta cire takalmi ta kwaɗa mini a goshi sai halina ya dawo, na kai mata naushi na fasa mata leɓe, a gaban mahaifiyarsu da ke zaune a benci tana salati. Masu gadi suka fitar da ni ana kallona. A duk abin da na yi ranar, wannan ne na fi saurin jin kunyarsa, jifan kuwa sai daga baya ya zauna mini.

Likita ya ce tsakuwa ta yanki baƙin idon hagu, jini kuma ya taru a ciki. Za a ceci ƙwayar idon, amma gani ba zai dawo yadda yake ba. Gola da ido ɗaya ba ta iya auna nisan ƙwallo. Wasanta ya ƙare ke nan, kuma wannan shekarar ko maganar makaranta ba a yi ba.

Kwana uku bayan haka baƙon kocin ya kira wayar kocinmu ya ce a ba ni. Na ɗauka zagi zan sha. Ya ce ya yi baƙin cikin abin da ya faru, amma wasa ya gaji haka, kuma sunana zai kai. Ya ƙara da cewa shi 'yar wasa mai irin wannan zuciyar yake nema, wadda ba ta jin tsoron komai in an matsa mata. Ya ce in canza zaɓin makaranta a fom ɗina kafin ƙarshen mako. Na miƙa wa kocinmu wayarsa, ya karɓa da yatsu biyu bai kalle ni ba.

Baba ya riga ya je Gidan Igwai da kansa ya duba golarmu, ya ba mahaifiyarta da yayarta haƙuri. Da ya dawo ya kira ni zaure. Ya ce yarinyar ta hana kowa magana, ta ce ƙaddara ce, kuskure ne, a bar ni. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Hwaɗa min gaskiya, ɗiyata. Da gangan kiy yi?"

Na ce, "A'a, Baba. Hannuna yas suɓuce."

Ya ce, "To. In kuskure na, tahi ki yi karatunki, Allah Shi ba da sa'a. In ba kuskure na ba, ke kin san abin da ya kamace ki. Ni ba ni shiga zuciyakki."

Na so ya doke ni. Da ya ɗauki bulala a ranar, da na sami sauƙi, da na yi kuka na faɗi gaskiya an wuce wurin. Bai taɓa dukana ba a rayuwarsa, ran nan ma bai fara ba, ya koma kan littafinsa ya bar ni da zaɓina.

Ranar Alhamis na je kafe, shagon intanet. Mai kwamfutar ya buɗe fom ɗina ya tambaye ni wace makaranta zai sa a farko. Ta garinmu tana nan a rubuce, da na ce ya bar ta shi ke nan, in tashi in tafi gida. Na zauna ina kallon allon har ya fara ƙosawa, akwai layi a bayana. Na san gurbin ba nawa ba ne. Na san ta ci ni a gaban mutum talatin. Kuma ina son sa, ina son sa har cikin ƙashina, na gaya wa kaina in na ƙi ma ba ita za a ba wa ba. Na faɗa masa sunan jami'ar mai nisa, ya buga, ya ciro mini takarda.

Makarantar ta cika duk abin da aka faɗa a kanta. Na yi karatu mai kyau, na buga wasa shekara biyar, mun ɗauki kofi sau biyu, malamai suna nuna ni a matsayin wadda ta haɗa littafi da fili. Ban sake nufar fuskar kowa ba. Kowane hutu ina cewa zan je Gidan Igwai, kowane hutu sai in sami dalili. Labarinta a bakin mutane nake ji, cewa daga baya ta yi kwalejin ilimi, tana koyarwa a wata firamare, ta yi aure, har yanzu tana da dariyarta.

Bara da rana tsaka ina bayan kanta a kemis ɗin da nake aiki, sai ga ta ta shigo da takardar likita. Ta yi jiki, tana sanye da tabarau. Da ta cire don ta goge gumi na ga idon, da wani farin tabo a tsakiyar baƙin. Maganin ɗigawa take nema, idon yana yawan bushewa. Muka gaisa, ta tambayi Baba, ta tsokane ni cewa ta ji har yau ban iya girki ba. Na ɗauko maganin, na ajiye a gabanta.

Na ce, "Ranar nan, a hili..."

"Na sani," ta ce, ba ta bar ni na ƙarasa ba. "Gola ba hannu taka kallo ba, ido taka kallo. Na ga inda kika duba tun ba ki ɗaga hannu ba. Ina da lokacin kaucewa sarai. Amma in na kauce ya shiga, ni ko ɗaya ya rage min."

Na fara cewa ta yafe mini, ta ɗaga hannu.

"Wannan na gama da shi tun ina kwance asibiti, ba don ke ba, don kaina. Abu guda nika so. Koci bai hwaɗi ba, baƙon nan bai hwaɗi ba, duk wanda yaz zo gaishe ni tausai yak kawo min. Ba wanda yat taɓa hwaɗi. Wa yac ci gwajin nan?"

Akwai mutum biyu a bayanta suna jira da takardunsu, mai shagon yana gefe yana jin komai.

Na ce, "Ke kic ci. Kin tare biyat."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta mayar da tabaraunta, ta sa maganin a jaka ta fita.